Fito Da Sabon Turare A Gida: Abin Da Na Koya Daga Taro Biyu

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu masu sana'ar humra da turaren wuta ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, ma'ajiyarmu, sakatariya, iyayena da yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka daure suka zo taya mu murna, barkanmu da wannan rana. Allah Ya maimaita mana, Ya jiƙan waɗanda muka fara da su suka riga mu gidan gaskiya.

Da Hajiya Shugaba ta kira ni ta ce zan yi magana a kan yadda ake haɗa ɗan taro a gida don fito da sabon turare, sai da na yi dariya. Na ce mata, "Hajiya, kin manta ke ma kina wajen taron da na yi na farko?" Ta ce ai don tana wajen ne ta zaɓe ni. To shi kenan, tunda an ce in tona asirin kaina, bismillah.

Waɗanda suka san ni sun san a hannun wata maƙwabciyata 'yar Maiduguri na koyi wannan sana'a. Ita ta nuna mini yadda ake jiƙa farce a kankare shi a soya, yadda ake daka sandal, yadda ake soya hawi da gabgab da sukari kafin a shayar da su turare. Wannan ilimi na mutanen Barno ne, Kanuri da Shuwa, kuma idan kika bi sawunsa za ki tarar da shi a Chadi da Sudan, inda su ma humra suke kiran ta. Farcen nan da muke ƙorafin tsadarsa murfin wani dodon koɗi ne na teku, sandal kuwa asalinsa daga Indiya yake zuwa. Kun ga kenan kwalba ɗaya ta humra ta sha tafiya kafin ta iso ɗakinki.

Da na ga hannuna ya faɗa, sai na jira kwasar adashena ta zo, na zuba kuɗin kaf a kayan haɗi. Na cika kwalba 60, na ce zan yi taro duniya ta sani. Na watsa gayyata a WhatsApp, duk wadda ta gani ta zo da ƙawarta, ƙawar ta zo da 'ya'yanta. Na yi hayar manyan lasifika. Na ɗora tukunyar shinkafa, ana ta suyar nama da albasa tun hantsi. Kasko uku na kunna a falo, kowanne da irin turarensa, wai don gida ya ɗauki ƙamshi. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, yaran gida suka tayar da janareto a gindin taga.

An ci, an sha, an taka rawa. Da dare ya yi na zauna na ƙirga: kwalba 7 suka fita, 4 daga ciki bashi ne. Gwaggona da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, biki kika yi ko kasuwa? Ni fa tunda na shigo ban ji komai ba sai hayaƙi da albasa." Wallahi ranar na yi kuka, don kuɗin da na narkar har da na makarantar yara a ciki.

Maganar Gwaggo ce ta zama karatuna. A taron turare, hanci shi ne babban baƙo. Haske, kiɗa, abinci, yawan mutane, duk masu yi masa hidima ne. Duk abin da zai dame shi, ki fitar da shi daga gidan ranar.

Mu fara da mutane. Taro na biyu da na yi bayan wata shida, mata 12 kacal na kira, kowacce da bakina na gayyace ta. Na zaɓi masu aurar da 'ya'ya a shekarar, da mai gyaran jikin amare, da mai ɗinki, da mai lalle, don su ne amare ke bi ta hannunsu. Na roƙe su abu biyu: a bar yara a gida, kuma kada a saka turare. Na san wannan na biyun da wuya, don Bahaushiya ta fita unguwa ba turare ji take kamar ba ta sa mayafi ba. Amma ki yi musu bayani: idan kowacce ta shigo da nata ƙamshin, ina naki zai samu wurin zama? Kafin duk wannan kuma ki shawarci maigida, ki sanar da abokiyar zama idan kina da ita, ki leƙa maƙwabta ki faɗa musu.

Sai lokaci da wuri. Ni bayan La'asar nake so, a tashi kafin Magariba. Rana ta yi sanyi, akwai sauran haske, kowa ta gama aikin gidanta. Wurin da iska ke ratsawa ya fi, ko tsakar gida a inuwa, ko falo da tagogi a buɗe. Ranar kada a yi suya, kada a daka daddawa, kada a fesa maganin sauro. A share a goge da ruwa zalla. Turaren wutan da kika saba yi wa ɗaki kullum ma ki haƙura da shi har sai lokacinsa ya zo.

Yanzu maganar haske. Abin da na gane shi ne ido ke fara saye kafin hanci. Ki samu ɗan tebur ki shimfiɗa farin yadi, ki jera kwalabe kaɗan, sauran su zauna a ɗaki. Ki ajiye fitila a bayan kwalaben ko a gefensu, yadda haske zai ratsa ta cikin turaren. Nan ne baƙar humra ke nuna launinta kamar zuma, farar kuma a ga tsabtarta. Ƙwan fitila mai haske ruwan ɗorawa ya fi sa wuri ya yi daɗin zama, farin nan mai kashe ido kuwa sai ya mai da falonki kamar ɗakin allura. Fitilun caji biyu ko uku sun isa, ki caje su tun daren jiya, ko ki yi amfani da na sola. Kada ki dogara da wutar NEPA, kuma kada ki kawo janareto kusa, don hayaƙinsa da ƙararsa duk abokan gabar turare ne. Kada kuma ki bar kwalabe a rana ko jikin ƙwai mai zafi, zafi da hasken rana suna canza ƙamshi.

Akwai abin da nake so ku riƙe da kyau. Yaranmu suna ganin hotuna a waya an jera kyandir kewaye da kwalaben turare, sai su ce, "Umma, mu ma mu yi." Turaren fesawa yawancinsa da sinadari mai kama wuta ake haɗa shi, ga mu da mayafai masu santsi da manyan hannayen riga. Ni ba na kunna kyandir a wurin da ake fesa turare, kuma kasko ma nesa da teburin nake ajiye shi.

Kiɗa kuwa ma'auninsa ɗaya ne: idan sai kin ɗaga murya kafin ta kusa da ke ta ji ki, ya yi yawa. Ciniki da hira ake yin sa. Mace za ta shinshina, ta juya ta tambayi ta gefenta, ta tambaye ki me kika sa a ciki, har yaushe yake kamawa a jiki. Idan lasifika na dukan ƙirji, wannan hirar ta mutu, cinikin ya bi ta. Ƙaramar sifika da waya sun wadatar. Ki tara waƙoƙi masu sanyi tun da wuri, ki rufe layin wayar don kada kira ya yi ta katse su. Da an fara kiran salla a kashe. Gidan da ba a son kiɗa kuma babu asara, muryoyinmu ma sun isa su cika wuri. Idan an gama ciniki an rufe littafi, to a nan ne za ki iya sako amada irin ta marigayiya Hajiya Barmani Choge, wadda ta shafe rayuwarta tana zaburar da mata a kan sana'a har Allah Ya karɓi ranta a 2013. Masu ƙwarya a gida ma a kifa ta a ruwa, a ɗan motsa jiki kafin a watse.

To ga yadda ake shinshinawar. Hanci yana gajiya. Idan ya ji kala uku ko huɗu a jere, na biyar duk ɗaya zai ji su. Don haka kala uku kawai na fitar, na fara da mai sanyin ƙamshi na ƙare da mai ƙarfi. Kowacce a ɗiga mata kaɗan a bayan hannu, a bar shi ya ɗan jima kafin ta yanke hukunci, don abin da ake ji a minti na farko daban yake da wanda zai zauna a fata. Tsakanin kala da kala a sha ruwa, a ɗan fita a shaƙi iska. Lokacin hunturu fata na bushewa ba ta riƙe ƙamshi, sai ki tanadi man shafawa marar ƙamshi a fara murzawa.

Turaren wuta shi ne na ƙarshe, a waje, kasko ɗaya. Ki bari gawayi ya ruru ya zama garwashi, ki ɗan rufa masa toka kafin ki zuba, don kada itacen ya ƙone ya yi ƙauri. Idan kina da kabbasa ki ɗora sabon ɗankwali a kai, ya turaru, a zagaya da shi hannu-hannu. Kada a taɓa rufe ƙofa da taga a kan garwashi, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari amma tana kisa. Ki kuma tambaya tun farko ko akwai mai asma, ko mai juna biyu, ko mai goyon jariri, ki ba su wuri inda hayaƙin ba ya zuwa. Sai bayan duk wannan a kawo abin taɓawa: dabino, alkaki, dubulan, zoɓo mai sanyi. An wuce wurin shinkafa da miya.

Na zo kan wadda ta fi yi mana wuya, maganar kuɗi. Mu mata muna da kunyar faɗin farashi a cikin gidanmu. Ƙawa ta ɗauki kwalba ta ce, "Zan aiko," ke kuma ki ce, "Haba, ba komai." Iyayenmu sun ce kunyar marar kunya asara ce. Ki rubuta farashi a 'yar takarda ki ajiye gaban kowace kwalba, bakinki ya huta. Ki samu ƙanwa ko 'yar da kika yarda da ita ta riƙe littafi da kuɗi, ke ki tsaya wajen bayani. Wadda ta ce ta tura ta waya, a duba a ga kuɗin sun shigo kafin a miƙa kaya. Ki zuba a ƙananan kwalabe, mai mil 3, mai 6, da mai 12 da muke ce wa tola, don mai ƙaramin ƙarfi ma ta tafi da nata maimakon ta ci bashin babba.

Kowace kwalba ta ɗauki suna, da ranar da aka haɗa, da lambar wayarki. Ki faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Idan sandal ɗinki ba na asali ba ne, kada ki ce na asali ne. Kada ki ce turarenki yana maganin ciwo, ko yana mallake miji, don ki sayar. Ƙamshi muke sayarwa, sauran na Allah ne. Wadda kuma take so kayanta su shiga kantuna, ta sani kayan kwalliya da turare suna ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, rajistar sunan kasuwanci kuma a hukumar CAC ake yin ta. Gara a fara tambaya tun abin yana ƙarami.

A taron nan na biyu, mata 12 suka sayi kwalba 19, babu bashi ko ɗaya. Bayan kwana uku na bi su da waya ɗaya bayan ɗaya ina tambayar yadda suka ji shi a jiki. Biyu suka ce baƙar ta yi musu ƙarfi, na rage. Mai gyaran jikin nan kuwa har yau a wurina take ɗaukar na amarenta, kuma da cinikinta na mayar da kuɗin makarantar da na taɓa.

Kafin in zauna ina da roƙo ga shugabanninmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Me zai hana ƙungiya ta sayi fitilun caji, da ƙaramar sifika, da tebur da farin yadi, su zama na kowa? Duk mambar da za ta fito da sabon kaya, turare ne, sabulu ne, man shafawa ne, ta ara ta dawo da su lafiya, mu kuma biyu ko uku mu je mu riƙe mata littafi. Ni na ɗauki alkawarin zuwa gidan wadda za ta fara, kuma zan zo ba turare a jikina.

Inda na yi kuskure a yafe mini, musamman iyayena da suka riga ni riƙe kasko. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya raya mana zuri'a, Ya kai mu wata shekarar da rai da lafiya.