Aiki da Sitansil Mai Gam Wajen Haɗa Kundin Tarihin Gida

Jawabi ga malaman makarantun firamare da ƙungiyoyin mata na Digil, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, Jihar Adamawa.

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wata 'yar sana'ar hannu wadda ba ta bukatar jari mai yawa, amma tana taimakon gida wajen adana hotunansa da takardunsa cikin tsari. Sana'ar kuwa ita ce aiki da sitansil mai gam a baya.

Sitansil dai takarda ce mai kauri, ko leda, ko fallen ƙarfe, wanda aka huda siffar harafi ko ta fure a jikinsa. In aka ɗora shi bisa wani abu aka shafa fenti, sai fentin ya bi ta hudar kaɗai, siffar ta fito sak. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Da shi masu rubutun alluna ke buga lamba a jikin motocin haya da buhuna, kuma marinan Abeokuta sun daɗe suna huda fallen ƙarfe su shafa kunun rogo ta cikinsa a kan yadi kafin su tsoma shi a baba. Amma misalin da ya fi kusa yana cikin gida, watau ƙunshin salatif. Mai ƙunshi takan yanyanka salatif da reza, ta manna a ƙafar amarya, ta shafa lalle a kai. In an ɓare, duk inda salatif ya rufe sai ya fito fes, sauran wurin ya yi ja. Duk macen da ta iya wannan ta riga ta san rabin aikin da ake magana a kai. Abin da ya rage mata shi ne ta gane cewa takarda ba fata ba ce: fata tana jure gam mai ƙarfi, takarda kuwa sai ta ɗaye.

Kafin a shiga yadda ake aikin, ya kamata a faɗi dalilinsa. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, jama'ar gari da na kewaye suka watse, wasu suka nufi Yola, wasu suka haye duwatsu zuwa Kamaru. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa tonon adaka da ƙarƙashin katifa yana neman takardar haihuwa a nan, hoton mahaifi a can. Da aka komo, gidaje da yawa sun tarar abin da aka bari a warwatse ya salwanta. Kundi guda, wanda aka san inda yake, hannu ɗaya ke ɗaukarsa. To, an lura mutum ya fi kula da abin da ya ɓata lokaci ya ƙawata, yara kuma sun fi son buɗe littafin da ke da ado da manyan haruffa. Nan ne sitansil ke da amfani, domin yana ba wanda hannunsa bai faɗa da zane ba damar rubuta kan shafi mai kyau kamar na ɗab'i.

Abin sawa cikin kundin kuwa ba ya ƙaranci a wannan yanki. Dattijon da aka haifa a Digil kafin 1961, an haife shi ne a Kamaru ta Arewa wadda Ingila ke riƙo. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu na shekarar nan yankin ya shigo Nijeriya ya zama Lardin Sardauna, hedkwatarsa Mubi. A 1967 ya faɗa cikin Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 Jihar Gongola, a 1991 Jihar Adamawa. Ke nan mutum bai gusa daga ƙofar gidansa ba, amma rasit ɗin harajinsa da takardun makarantar 'ya'yansa suna ɗauke da sunayen hukumomi iri iri. Malamin da ya sa almajiransa suka jera kwafin irin waɗannan takardu shafi shafi, kowane da shekararsa a bisa, ya koyar da tarihi ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ana sayar da sitansil na leda mai gam a baya a wasu kantunan littattafai na manyan garuruwa, amma yana da aibi guda da ya shafi jama'ar nan: yawancinsa don Turanci aka yi shi, babu Ɓ, babu Ɗ, babu Ƙ, balle Ŋ da Ƴ na Fulatanci. Wanda ya dogara da shi zai rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi. Saboda haka gara a yanka na gida. Bangon fayil na leda ya isa, haka nan tsohon hoton asibiti na ƙashi, ko kwalin sabulu in babu waɗannan. A zana harafin da biro, a ɗora bisa katako mai laushi, a bi layin da sabuwar reza. Sai dai a tuna haruffa masu ciki, irin su A da B da D da O, in aka zagaye su gaba ɗaya cikinsu faɗuwa yake yi, a sami rami kurum. Dabarar ita ce a bar 'yar siririyar gada guda biyu, sama da ƙasa, mai riƙe da cikin. Yanka aikin manya ne. Kada a ba yaro reza, kada kuma a ɗauko wadda wani ya yi aski ko yankan farce da ita.

Amfanin gam shi ne ya rufe 'yar kafar da ke tsakanin sitansil da takarda, gama fenti ruwa ne, duk inda ya sami kafa sai ya kurɗa, gefen harafi ya fito da gemu. Amma gam ɗin da ake so shi ne mai rauni. Ƙaro, wanda malamai ke sawa cikin tawada, bai dace da nan ba, don in ya bushe ya kama ke nan. Ga sitansil na gida, farin salatif na takarda, irin na masu fentin gini, shi ya fi. A riƙe gefe huɗu da shi, a danne bakin hudar da yatsa. Ko wannan ne, ko na kanti, a fara manna shi a jikin zane ko riga sau biyu ko uku don ƙarfin gam ɗin ya ragu, sa'an nan a gwada a wata takarda da ba a damu da ita ba.

Wajen shafa fenti ne akasarin masu koyo ke ɓata aiki, kuma kullum laifin yawa ne. A sami guntun soson katifa, a dangwala fenti kaɗan, a daddanna shi a tsohuwar jarida har ya kusa bushewa, kana a riƙa dangwalawa bisa hudar daga sama, ba a goga ba. In launin bai fito sosai ba, a jira ya sha iska a sake. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda mai jiƙa takarda. Ana ɓare sitansil tun fentin bai gama bushewa ba, a hankali, ana kwantar da shi baya, ɗaya hannun yana danne da shafin. Wanda ya fizge shi sama zai tafi da fuskar takardar.

Yanayin ƙasar nan ma yana da nasa hukunci. Ƙurar hunturu tana kashe gam cikin ɗan lokaci, don haka da an gama a mai da sitansil bisa ledar da ya zo da ita, a sa cikin ambulan. Zafin bazara kuwa narkar da gam yake yi, ya bar danƙo a shafi; kada a bar sitansil manne da takarda a tafi cin abinci, kada kuma a yi aikin cikin rana.

Akwai kashedi guda wanda ya fi duk abin da ya gabata nauyi. Ado na shafi ne, ba na takardar shaida ba. Kada gam ko salatif ko fenti ya taɓa hoto, ko takardar haihuwa, ko ta gona, ko satifiket. Duk wanda ya buɗe tsohon littafi da aka ɗinke da salatif ya ga yadda yakan zama ruwan ɗorawa, ledar ta faɗi, tabon ya zauna cikin takarda har abada. A fara ƙawata shafi, a bari ya bushe sarai har kwana guda, sa'an nan a yanka 'yan kusurwoyi huɗu na takarda a manna su a shafin, a soka gefen hoton a ciki yadda za a iya zare shi. Takardun asali a yi musu aljihu a bangon baya, kwafinsu ne za a jera a shafuka. A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta sunan mai shi, da sunan mahaifinsa, da unguwa, da shekara in an sani, tun tsofaffin da za su iya shaida fuskokin suna raye. In kundi ya kammala, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a aika wa wani ɗan'uwa da ke zaune a wani gari ya ajiye.