Keke Ya Koma Zaure: Jawabi Ga Ɗaliban Yaƙi Da Jahilci

A da, manomin Samaru kan ɗaure buhun barkono a kekensa, ya bi ta Palladan da Kwangila, ya sauke a kasuwar Sabon Gari bai biya kowa kwabo ba. Yau da yawa sun jingine keken a zaure saboda tsoron hanya.

Hanyar nan ita ce ta Funtuwa da Gusau. Tirela, tankar mai, bas da 'yan acaɓa duk a kanta suke, mai keke kuwa ba a ware masa ko taku ɗaya ba. Iskar tirela kaɗai kan jefa shi rami. Ko ministan sufuri Ojo Maduekwe, mai kiran a koma hawan keke, bas ta ture shi a Abuja a 2001.

Ga shi tun janye tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, ribar barkonon direba ke cinye ta. Saboda haka wanda dole ta sa ya hau, ya bari gari ya waye, ya duba birki, a Kwangila kuma ya sauka ya tura.