Ƙwallon da Aka Hana Gudu a Cikinsa

A yau za mu yi magana a kan wani irin ƙwallon ƙafa wanda dattawa suke bugawa, wanda kuma babbar dokarsa ita ce kada kowa ya yi gudu.

A shekara ta 2011 ne aka soma wannan wasa a garin Chesterfield na ƙasar Ingila, domin maza masu shekara 50 zuwa sama. Da yawa cikinsu sun buga ƙwallo a ƙuruciya, amma gwiwa ta gaji, numfashi ya ragu, sai suka koma gida suka zauna. A shekara ta 2014 bankin Barclays ya nuna wasan cikin wata talla a talabijin, daga nan ya bazu ko'ina cikin ƙasar, har mata ma suka shiga.

Ga yadda ake yinsa. Filin ƙarami ne, mutum biyar, ko shida, ko bakwai a kowane gefe. Dole ƙafa ɗaya ta kasance a ƙasa kullum. Wanda ya yi gudu, alƙalin wasa zai busa, a ba abokan karawa ƙwallo. Ba a ɗaga ƙwallo sama da kan mutum, ba a kuma bangaje juna.

To, mu lura da abin da wannan doka take koya mana. Da yake ba mai iya tsere wa kowa, ba wanda zai ci wasa shi kaɗai. Tilas ka ɗaga kai ka nemi ɗan'uwanka, ka miƙa masa ƙwallo daidai ƙafarsa, gama ba zai iya binta da gudu ba. Mai ƙarfi yakan rage saurinsa domin marar ƙarfi ya sami wuri. Ba a kori tsoho daga fili ba, wasan aka gyara domin ya iya shiga.

'Yan'uwa, mu da muka ba hamsin baya mun san inda yake mana ciwo. Hawan jini da ciwon sukari suna fakon mai yawan zama. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta bayar a 2020, ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin sa'a sau biyar. Amma akwai ciwon da ya fi waɗannan ɓuya, shi ne kaɗaici. Mutum ya yi ritaya, 'ya'ya sun watse, abokai suna raguwa ɗaya ɗaya, har ya fara ganin kamar ba mai bukatarsa. Amma dattijon da ya san ana jiransa a fili ran Asabar, in bai zo ba za a tambaya, wannan yana da dalilin tashi daga gado. Ashe gaskiya ne, zumunta a ƙafa take.

Saboda haka bari mu tambayi kanmu: wane ne muka bari a baya domin ba ya iya saurinmu? A cikin makon nan mu je mu ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ƙwallo ɗaya da ɗan fili sun isa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara neman shawarar likita tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu lafiya da zama tare. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.