Jawabi Kan Kakanmu Da Ya Sari Dajin Garinmu



Yau maganar kakanmu za mu yi, wanda ya fara kafa bukka a garin nan, don yara da yawa sun san rijiya amma ba su san wanda ya gina ta ba.

A bakin Gulbin Maraɗi aka haife shi, wajen Jiratawa. A zamanin iyayensa ba mai kwana a jigawa. Tun da Katsina ta faɗi a 1807, Ɗan Kasawa ya zo ya zauna Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, jama'a suka cunkushe cikin fadama, kurmi na kāre su daga mahara. Gona ta yi kaɗan, bakuna suka yi yawa.

Da Nasara suka zo hari ya ƙare, sai ya nemi izini ya hau tudu, shi da matarsa da ƙanensa da jaki guda. Aikin farko rijiya. Rani biyu suna gina, yashi na rubzawa, suna kafe shi da itace. Kafin su kai ga ruwa, kakarmu ce ke ɗauko tulu daga gulbi tun da asuba. Maza kan manta da wannan in suna ba da labari. Mu ba za mu manta ba.

Ya sare daji, ya ƙone, ya shuka hatsi da wake. Sai ga yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914. Waɗanda suka biyo shi suka koma fadama, shi ya ƙi. Ya tone tukunyar iri ya binne, iyalinsa na cin tafasa da jiga, bai bari an taɓa ta ba. Da wannan iri aka sake shuka. Daga baya ga lanho, ga noman gyaɗa don a biya shi, duk ya gani.

Ya rasu da kaka, shekarar da ruwa ya ci tsohuwar Maraɗi, 1945. Ya fita duba damma a gona bai dawo ba, aka iske shi jingine da gawo. Nan aka rufe shi. Allah ya jiƙansa.

To, ga abin da ya tara mu. Gonar nan an raba ta gado bayan gado, yanzu mun ji masu kuɗi daga birni na tayin yankin da kushewar take. Ba mu hana kowa sayar da rabonsa, mun san halin da ake ciki. Roƙonmu a fid da wurin kushewar da bakin rijiya, a shinge su, mai gari ya sa hannu a takarda. Mazauna Maraɗi su kai gudummawarsu wurin ma'aji kafin taron wata mai zuwa.