Igiyar Ƙasa a Wurin Neman Abinci

 

Tun muna yara aka hore mu cewa ba a kiran sunan maciji da dare, sai a ce igiyar ƙasa. Yau da rana muke, saboda haka zan kira shi da sunansa. Magana ɗaya na zo da ita: macijin da aka tarar a wurin aiki, alhakin tanadi a kansa na wuyan mai wurin ne, ba na leburan da ya fara yin ido huɗu da shi ba.

Samaru, a nan Zariya, gari ne na gonaki. Tun 1922 ake binciken noma a nan, shekara arba'in kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ga gonakin gwaji, ga ciyawar bakin Kubanni, ga ɗakunan ajiyar iri. A Sabon Gari kuwa buhunan masara da dawa ne jibge a sito har rufi. Inda hatsi yake ɓera na nan, inda ɓera yake maciji zai biyo. Abincinsa ya kawo shi, ba asiri aka yi wa kowa ba. Mai siton da ya ɗora buhunansa a kan katako, ya janye su daga bango, ya toshe ramuka, ya sa aka nome bayan gini, ya yi rabin aikin tun kafin a ga komai.

Macizai uku ne suka fi damunmu. Kasa ba ta gudu. Kwanciya take a ciyawa ko a bakin hanya har a taka ta, dafinta kuma ya kumbura ƙafa, ya ruɓar da nama. Kububuwa 'yar ƙarama ce, amma ba banza ake ce mata gobe da nisa ba, domin dafinta hana jini daskarewa yake. Mutum zai ga kamar ya tsira, bayan wasu sa'o'i dasashi ya fara zubar jini. Kumurci kuma shi ke shiga ɗaki da ofis, yana feshin dafi a ido daga nesa.

Abin alfahari gare mu, kuma abin kunya idan muka yi sakaci, shi ne da yawa daga abin da duniya ta sani game da waɗannan macizai a ƙasarmu aka gano shi. A farkon shekarun 1970 likita David Warrell ya yi aiki a asibitin jami'a a nan Zariya, shi da abokan aikinsa suka rubuta yadda saran kububuwa ke kisa da yadda feshin kumurci ke makantarwa. Daga aikin nan aka yaɗa gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini kaɗan a kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga jini. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su, tana ƙiyasta mutuwar mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara.

To in an ga maciji fa? Na san al'adarmu: ihu, taro, kowa da sanda. A nan ake samun saran da bai kamata a samu ba. A ja da baya, a fitar da mutane, mutum ɗaya ya tsaya daga nesa yana lura da inda ya shiga, a kira wanda ya iya kamu da kayan aiki. Ko an kashe shi kada a ɗauka da hannu, domin kan da aka sare yana iya sara.

In an yi saran, ina roƙonku don Allah, kada a ɗaure ƙafa da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa. Ɗauri ya jawo an yanke ƙafafun da dafi kaɗai ba zai ci ba. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a kwantar da wanda aka sara, a ɗora wa gaɓar kara kamar karaya, a ɗauke shi zuwa asibiti, kada ya taka da kansa. In ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi. Addu'a a yi ta a cikin mota, amma kada a biya gidan mai magani a ɓata sa'o'i.

Shugabannin ma'aikatu, ku nake kallo yanzu. Maigadin da ke zagaya gini da dare cikin silifa, wa ya hana shi takalmin roba da tocila? Kuɗinsu bai kai na kwalba guda ta allurar maganin dafi ba. Allurar kuma ba kowane asibiti ke da ita kullum ba. Ku tura wani cikin makon nan zuwa asibitin koyarwa na Shika da sauran na kusa, ya tambayo inda take da farashinta, a rubuta a manna a ƙofar sito tare da lambar direban da za a kira da dare.