Mai Keke Ma Yana Da Haƙƙi A Kan Titi

Jawabin da kwamitin kare haƙƙi na ƙungiya ya gabatar a taron iyalai na wata-wata, a Agege, jihar Legas



Kafin mu shiga magana, muna sake miƙa ta'aziyya ga iyalan ɗan'uwanmu da muka yi wa sutura a watan jiya. Yawancinmu mun san shi, shi ne yake raba wa masu shayi burodi a kan kekensa tun da asuba. Wata babbar mota ce ta matse shi da bakin lambatu, direban kuma bai tsaya ba. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Mun yi masa duk abin da ya kamata, sai abu ɗaya: babu wanda ya rubuta lambar motar, babu wanda ya kai rahoto. A takardun hukuma, kamar ba a yi wannan mutuwa ba. Wannan shi ne dalilin jawabinmu na yau.

'Yan'uwa, keke ba baƙon abu ba ne a sana'o'inmu. Mai tallar madarar sanyi, mai kai burodi, mai kai kayan miya daga kasuwa, maigadi mai komawa gida da safe, da yaranmu masu zuwa Islamiyya, duk a kan keke suke. Kuma adadinsu ƙaruwa ya yi. A ranar 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, daga baya a cikin shekarar ta ƙara wasu huɗu. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Wanda babur ya gagare shi, kuɗin mota ya fi ƙarfinsa, ina zai nufa in ba wajen mai gyaran keke ba? To amma titin da ya tarar, ba a gina shi da shi a zuciya ba.

Mun yarda da ƙaddara, babu mai ja da wannan. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana a tambayi sababi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗurran hanya a duniya a shekarar 2021. Masu keke a cikinsu sun kai 71,000, wato ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari a kan na 2010. Hukumar ta kuma ce kashi 0.2 cikin ɗari ne kawai na titunan da aka bincika suke da hanyar keke, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen hanya idan aka kwatanta da yawan jama'a. Abin da wannan yake nunawa a fili yake. Inda aka haɗa tirela da keke a layi ɗaya, kuskure kaɗan na direba ko na mai keke ya isa ya zama ajali. Inda aka raba su da shingen kankare, kuskuren nan ba ya wuce tsorata.

Bari mu kawo misalin wata ƙasa da ta taɓa shiga irin wannan hali ta fita, wato ƙasar Holan da ke Turai. A yau ana kiranta gidan keke, har wasu suna zaton haka Allah Ya halicce ta. Ba haka ba ne. Bayan yaƙin duniya na biyu motoci sun yi yawa a can, aka riƙa rushe gidaje ana faɗaɗa tituna, mai keke ya rasa wurin raɓawa. A shekarar 1971 kaɗai mutum kusan 3,300 suka mutu a titunan ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, alhali jama'ar ƙasar gaba ɗaya kimanin miliyan 13 ne. Cikin yaran har da 'yar wani ɗan jarida mai suna Vic Langenhoff, wadda mota ta kaɗe a kan kekenta. Uban bai tsaya ga kuka ba, ya yi rubutu a jarida, daga nan iyaye suka kafa ƙungiyar da suka kira Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kashe yara. Yawancinsu iyaye mata ne. Suka riƙa fitowa da 'ya'yansu suna zama a tsakiyar titi, suna zuwa wajen 'yan majalisa.

A 1973 kuma ƙarancin mai ya auka wa ƙasar, har gwamnati ta hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi. A 1975 masu keke suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Matsin ya yi yawa, gwamnati ta fara zuba kuɗi, aka gina hanyoyin keke na gwaji a biranen Tilburg da Hague, sauran garuruwa suka bi sahu. A yau ƙasar tana da hanyoyin keke kimanin kilomita 35,000, kuma kusan ɗaya cikin kowace tafiya huɗu a kan keke ake yin ta. Bugu da ƙari, dokarsu ta ɗora nauyin diyya a kan mai mota: idan ya kaɗe babba a kan keke, a ƙa'ida sai ya biya aƙalla rabin asarar, idan kuwa yaro ne ɗan ƙasa da shekara 14, sai ya biya duka. Ba mu ce mutuwa ta ƙare a can ba. A 2022 masu keke kusan 290 suka mutu, yawancinsu tsofaffi. Amma duka mace-macen hanya na wannan shekara ba su kai 800 ba, a ƙasar da jama'arta suka doshi miliyan 18. Ku auna wannan da 3,300.

Wani zai ce ai wannan ƙasar Turawa ce mai kuɗi. To birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ba Turai yake ba, yana fama da cunkoso da talauci irin namu, amma ya gina hanyoyin keke fiye da kilomita 500. Kuma hanyar keke ba gadar sama ba ce. Shinge ne, da fenti, da fitila, da rufe lambatu, da hana ajiye motoci a kai. Abin da ake rasawa ba kuɗi ba ne, mai tambaya ake rasawa.

A nan gida ma maganar ba sabuwa ba ce. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su rungumi keke, shi da kansa yana hawa zuwa ofis a Abuja, har wata rana motar bas ta tura shi cikin rami. Mutane suka yi dariya, amma darasin ya wuce dariya: idan minista bai tsira ba, ina ga mai burodi? Kiran mutane su hau keke ba tare da an gina musu hanya ba, tura su ne bakin mota. A 2018 jihar Legas ta fitar da manufa a rubuce game da masu tafiya a ƙasa da masu keke, wadda ta yi alkawarin hanyoyin ƙafa da na keke. Kowa ya dubi titin unguwarsu ya yi wa kansa hisabi. Amfanin wannan takarda a gare mu shi ne, ba sabon abu muke roƙo ba, alkawari muke tuni.

Mun san abin da ke hana da yawanmu magana. Ana cewa mu baƙi ne, baƙo kuwa ba ya ɗaga murya. 'Yan'uwa, mu cire wannan daga zukatanmu. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 33, ya ba kowa haƙƙin rayuwa. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar yawo da zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Sashe na 14 kuma ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban aikin gwamnati. Muna biyan kuɗin rumfa, muna yankar tikiti kullum a kasuwa, muna da katin zaɓe. Kakannin wasunmu a Agegen nan aka binne su. Kuma motar da ta kaɗe mai keke ba ta tambayarsa garinsu, saboda haka wannan kuka namu ne tare da maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo, da su za mu tafi.

Ga abin da kwamiti yake ba da shawara.

Na farko, mu buɗe littafi a ofishin ƙungiya. Duk haɗarin da ya shafi mai keke ko mai tura baro ko mai tafiya a ƙasa, a rubuta rana, da lokaci, da wurin, da irin motar. Bayan wata shida za mu ga mahaɗar da ta fi cin mutane, kuma da wannan littafi za mu je gaban hukuma.

Na biyu, idan haɗari ya faru, a kira 112 ko 767, ko lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, 122. A ɗauki hoton lambar mota da waya, a karɓi lambar shaidu biyu, a kai rahoto ga 'yan sanda ko da an riga an yi jana'iza. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Na uku, kada a yi saurin cewa an yafe. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni ko iyalan wanda aka kashe, kuma tun Janairun 2023 mai ƙaramar mota naira 15,000 yake biya a shekara saboda haka. Wannan haƙƙin marayu ne, ba na dattawan da suka zauna sulhu ba. A zo ofis kafin a sa hannu a kowace takarda.

Na huɗu, za mu rubuta wa kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar jiha, mu nemi abu uku: shingen da zai raba keke da manyan motoci a titunan kasuwa, tudun rage gudu da fitilu a gaban makarantu, da rufe lambatun da ke buɗe. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba mu damar tambayar nawa aka ware wa irin wannan aiki a kasafin kuɗi, kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Na biyar, mu ma mu gyara namu. A duba birki, a sa fitila gaba da baya, a sa riga mai ƙyalli da asuba da dare, a daina bin hannun da ba namu ba, a daina lodin da ke rufe ido. Mai neman haƙƙi ba ya barin ƙofar da za a ce laifinsa ne.

Iyayenmu mata, a Holan ku ne kuka ja gaba, a nan ma muna neman biyu daga cikinku a tawagar da za ta kai takarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Littafin yana wajen sakatare daga yau, kuma da izinin iyalinsa, sunan ɗan'uwanmu mai burodi ne zai fara shiga.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.