Tarmus a Lambu: Yadda Ake Shuka Shi da Abin da Makiyayi Zai Kiyaye

Duk wanda fatauci ya taɓa kai shi kasuwannin Sudan ko Masar, ya ga ana tallar wani wake mai faɗi, ruwan ɗorawa, wanda aka jiƙa da gishiri. Shi ne tarmus. Mutanen Habasha kuwa gibto suke ce masa. Yau a kansa za mu yi magana.

Tarmus ɗan sanyi ne. Manoman arewacin Sudan a bakin kogin Nilu suke shuka shi, bayan ruwa ya janye. In za ka gwada a lambunka, to ka shuka da shigowar hunturu, wajen watan Nuwamba, don in zafi ya riske shi yana fure, furen zubewa yake yi. Ƙasa mai yashi yake so, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ka jiƙa irin ya kwana, ka binne zurfin gaɓar yatsa, taƙi ɗaya tsakanin rami da rami. Ban da dashe, don saiwarsa doguwa ce, ba ta son a taɓa ta. Kamar wake da gyaɗa, shi ma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

To amma fa a saurara da kyau. Tarmus iri biyu ne: mai ɗaci da marar ɗaci. Marar ɗacin shi ake ciyar da tumaki da shi a Ostireliya. Mai ɗacin kuwa, ɗacin nan guba ne. A yammacin Amurka, makiyaya sun san cewa saniya mai ƙaramin ciki in ta ci irin na daji, takan haifi maraƙi mai karkatattun ƙafafu. Saboda haka mai lambu ya yi shinge mai ƙarfi, makiyayi kuma kada ya saki dabbobi a kan ganye ko kwanson da bai san irinsa ba.

Ku kuma fatake, kada ku sayar wa mutum ɗanye ba tare da bayani ba. Sai an jiƙa, an tafasa, sannan a yi ta sauya masa ruwa kullum kamar mako guda, har ɗacin ya fita sarai. Wanda ya ci da sauran ɗaci, bakinsa zai bushe, jiri ya ɗebe shi, gani ya dushe. In haka ta faru, a garzaya asibiti.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.